Tambayar da Aka Aika wa Mashkura

Talata, 8 ga Yuli, bayan azahar

Sun ce kada in faɗa wa kowa. Ni Lantana, wadda ko a gidan gaisuwar mutuwa sai an taɓa mini gwiwa kafin in yi shiru. To, takarda ba kowa ba ce. Na ɗauko wannan littafin a kan teburin Mashkura. Ta rubuta shafi biyu da Turanci ta bar sauran, ni kuma na fara daga baya.

Mashkura jikata ce, shekararta talatin da ɗaya. Tun tana da shekara shida take kwana a ɗakina. Tana aiki a wata cibiya a nan Abuja inda mutane ke zama suna nazarin yaƙi: wa ke faɗa da wa, da wane makami, wa ke zuga su daga nesa. Yau kwana goma sha ɗaya da ta tsallaka iyaka ta wajen arewa, ita da direba, don ta ji daga bakin mutanen ƙauye yadda ƙananan jiragen nan marasa matuƙi suka canza musu zama. Kullum bayan la'asar takan kira ni. Ran Asabar ba ta kira ba. Lahadi ba ta kira ba. Jiya ma.

Yau da hantsi oganta ya zo, Oga Zacharias, wani dogo mai furfura a gemu kaɗai, tare da wata mata, Madam Rosemary. Tun daga ƙofar waje ya cire takalmi. Daga nan na gane. Mutumin ofis ba ya cire takalmi daga nesa sai in ya zo da abu.

Da uban yarinyar ya yi magana, ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa. Darakta nake ce masa, saboda kujerar da yake kai a ma'aikatarsu. Ina zaune a gefe. An ga motar. Direban ya dawo da ƙafa. Ita ba ta dawo ba. Tana hannun wasu mutane.

Na ce a kawo wa baƙi ruwa.

Laraba, 9 ga Yuli, da safe

An yi ruwa. Na sha koko rabin kofi.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Ashe aikin Madam Rosemary ke nan, zama da iyalin wanda abu ya samu. Ta zo da jakarta ta zauna a falo kamar mai jiran layin asibiti. Hausarta ta kasuwar Wuse ce, amma tana da sanyin hannu.

"Mama, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Mene ka ci?"

"'Yar nan, 'yar sanda ce ke a da?"

Ta yi murmushi, ta karanta mana dokoki daga wata takarda. Kada a sa hoto a waya. Kada a sa suna a masallaci a ce a yi addu'a, a yi ta a zuci. Waya ta zauna da caji. In baƙuwar lamba ta kira, kada a yi gardama, kada a yi alkawari, a rubuta abin da aka ji. Na ce me ya sa. Ta ce in sunan ya fita, masu riƙe da ita za su ga sun kama babban kifi, su ƙara damƙewa. Kuma maƙaryata za su yi ta kira, kowa ya ce tana wurinsa.

Ba a faɗa mini abin da suke so ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Janar nake ce wa Mashkura. Janar mara bindiga, wadda ƙadangare ke kora daga banɗaki. Ranar da ta kawo takardar digirinta na biyu ta ce, "Iya, na gama karatun yaƙi," na shiga ɗaki na ɗauko tawa takardar ta yaƙi da jahilci da aka ba ni a Abaji, na ce, "Ƙawata, a gidan nan ni ce tsohon soja. Sara mini." Ta sara.

Da kwanukan tuwo take koya mini duniya. Wannan babban kwanon wata ƙasa ce mai ƙarfi, wancan ma haka, ba sa taɓa juna. Sai ta sa ƙaramin kwanon miya a tsakiya ta ce, "Mu ke nan. Duk mai son ya nuna wa ɗan'uwansa ƙarfi, a nan yake tsoma hannu." Na ce ai wannan ba sai an je jami'a ba, duk wadda ta zauna gidan haya ta san shi. Ta ce, "Shi ya sa nake so a ɗauke ki aiki."

Darakta ya so ta shiga ma'aikatar harkokin waje, ta bi layi a hankali har ta zama jakadiya, ana buɗe mata ƙofar mota. Ta ci jarrabawar ma. Sai ta ce masa, "Baba, masu zama a teburin sulhu ba su taɓa jin ƙarar abin a kan rufin ɗakinsu ba. Dole wani ya je ya ji, ya zo ya faɗa musu." Wata biyu ba ya amsa gaisuwarta da baki, sai da kai.

Yau ya dawo daga masallaci ya zauna a mota a tsakar gida har la'asar. Ban aika a kira shi ba.

Asabar, 12 ga Yuli, la'asar

Waya ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Na yi ɓarna.

Jiya maƙwabciyarmu Halimat ta leƙo ta katanga ta ce kwana biyu ba ta ga Mashkura ba. Na ce tana Habasha wajen taro, sanyi ya hana ta wanka. Da azahar mai kawo mana doya ya tambaya, na ce tana ƙasar Turawa, wani farfesa mai sanƙo yana sonta. Yau a gidan suna wata ta tambaya, na ce Umara ta je. Ashe Halimat tana bayana.

"Hajiya, ba Habasha kika ce ba?"

"Daga can ta wuce. Jirgi ne, ba jaki ba."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da na faɗa wa Rosemary sai ta dafe kai. "Mama, labari ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai."

Na ce ni tunda nake ban taɓa ba da labari sau biyu iri ɗaya ba. Jikokina sun sani, ko tatsuniya ce sai na ga fuskar mai sauraro kafin in san inda za ta ƙare. Ta ce wannan karon ba tatsuniya ba ce. Na ce na sani.

Mun tsaya a kan Habasha.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Oga Zacharias ya dawo. Ya ce ƙungiya biyu ke cewa tana hannunsu, kuma ba a san mai gaskiya ba. A aikinsu, in haka ta faru, tambaya ake aikawa, wadda ba mai iya amsawa sai wanda aka kama. In amsa ta dawo daidai, an san tana da rai kuma an san inda take. Sai a ci gaba da magana. In ba ta dawo daidai ba, ba a ci gaba.

Kafin kowa ya yi irin wannan tafiyar yakan cika wata takarda ya bari a ofis. Ya nuna mini tata. Ta sa sunan makarantarta ta fari da wasu abubuwa, amma ya ce duk ana iya tono su a cikin wayarta, kuma wayar tana hannunsu. A ƙasa kuma ta ƙara layi ɗaya da biro. Ya karanta mini: "In waɗannan ba su yi ba, a tambayi Iya."

"Mama, muna son abin da ba ya cikin kowace waya."

Ban yi dogon tunani ba. Na ce a tambaye ta: zabuwar Iya da ta je kasuwar Abaji, me ta kawo?

Tatsuniya ce da na ƙirƙira da kaina tun muna zaune a Abaji, marigayi maigidana yana sayar da doya a bakin hanyar Lokoja. Wata zabuwa ce kaji suka dame ta da gori saboda sanƙonta. Ta ɗaura zane ta kama hanyar kasuwa, tana tafe tana faɗa da kowa, da direban tirela, da mai karɓar haraji, da akuyar sarkin pawa. A ƙarshe ta dawo da hular saƙa ja, ta sa, kaji suka mutu da hassada.

Ya ce in rubuta amsar da hannuna. Na rubuta: hula. Ya sa a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu a kan bakin, Rosemary ma ta sa. Ya ce tambayar za ta bi ta hannun wani, shi ma ya ba wani. Mako guda, ko fiye.

Da zai fita na ce, "Oga, duk wannan karatun naku na yaƙi, a kan zabuwa ya ƙare?"

Ya ce, "Mama, sau da yawa a kan abin da bai kai zabuwa ba yake ƙarewa."

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan asuba

Muna karyawa Darakta ya ce, "Iya, me kika rubuta a ambulan ɗin?"

Na ce hula.

Ya ajiye cokali. "Ai doya ta kawo. Ta manta da hular ta sayo doya, kaji suka ci suka daina gori."

Na ce wannan taka ce.

Sai na zauna na ƙirga. Akwai ta hula. Akwai ta doya. Akwai wadda ta dawo da miji, wani zakara ɗan Lokoja. Akwai wadda ta kawo madubi don kaji su ga nasu munin. Duk Mashkura ta ji su, wasu sau goma.

Na sa aka kira Oga Zacharias. Ya ce tambayar ta riga ta tafi tun jiya da yamma, ba a iya kiranta ta dawo.

Baki shi ke yanka wuya. Ban san har da wuyan wani ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da rana

An yi ruwa. Na kwashe shanya, na sake shanyawa, ban san dalili ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, la'asar

Hula. Hula. Ita ce na fi faɗa. Ai ita za ta tuna.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Halimat ta shigo da 'yarta Amatullahi, wadda za ta shiga jami'a bana. Wai yarinyar ta nace sai irin karatun Anti Mashkura, ana so in ba su lambarta ta Habasha ta ba ta shawara.

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, idonta yana kan taswirar da ke bangon falo, wadda Mashkura ta cika da jan biro.

"Hajiya Kaka, wai da wane kwas ake farawa? Kimiyyar siyasa ko tarihi?"

"Da wanke-wanke ake farawa. Kin iya?"

"Allah da gaske nake."

"Ta ce a iya Faransanci. A iya karanta taswira. A iya zama a tabarmar mutane a yi shiru har su gaji su yi magana." Duk na ji ta tana faɗa wa wasu ɗalibai a waya.

"Akwai haɗari a ciki?"

Halimat tana kallona. Rosemary tana kicin, na ji ta daina motsa cokali.

Na ce, "Sanyin Habasha kawai."

Na ce lambar ba ta shiga, sai ta dawo. Da suka fita na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ban yi kuka ba. Tun ranar farko ban yi ba. Kamar an yi mini allurar cire haƙori a jiki duka.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Ba labari.

Juma'a, 25 ga Yuli, da hantsi

Amsa ta zo.

Ƙungiya ɗaya tun da ta ji tambayar ta daina kira. Ɗayar ta aiko da kalma huɗu. Oga Zacharias ya zo da ambulan, ya nuna mana ba a taɓa shi ba, ya yage a gabanmu. Hula. Sannan ya buɗe tasa takardar ya karanta abin da aka aiko.

"Ba ta dawo ba."

Darakta ya ce, "Wa?"

"Zabuwar. Amsar ke nan. Ba ta dawo ba."

Ya ce bai yi daidai da ambulan ba, bai yi daidai da doya ko miji ko madubin da na lissafa masa ba. Ya ce yana iya yiwuwa ba ta hannunsu, suka ƙirƙira. Yana iya yiwuwa saƙo ne suke ba mu don su tsorata mu. A ƙa'idarsu dai ba za a ci gaba da magana da mutanen ba. Sai an sake aika wata tambayar, kwana tara kuma. Mai shiga tsakani ya ce mutanen suna shirin tashi daga inda suke saboda ruwa ya cika fadama, in sun tashi bai san inda za su sauka ba.

Darakta ya miƙe ya fita ba takalmi.

Oga Zacharias ya ce, "Mama, kin taɓa faɗa mata haka?"

Na ce a kawo wa baƙi ruwa.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Na san ranar. Ba zan rubuta ba yau.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara ashirin da biyar ke nan. Maza sun dawo daga maƙabarta, gida cike da mata, ana ta shigowa ana fita. Safiyatu, uwar Mashkura, kwana uku kawai ta yi tana ciwo. Ba wanda ya faɗa wa yarinyar komai, an ce ta yi ƙanƙanta. Bayan la'asar ta same ni a ɗaki ni kaɗai, ta hau cinyata ta ce, "Iya, zabuwa."

Na fara. Na yi direban tirela, na yi mai haraji, na yi akuya, har ta yi dariya. Da na kai zabuwa bakin kasuwa sai bakina ya ƙi. Ta ce, "Sai me ta kawo?" Na ce, "Ba ta dawo ba."

Ta dube ni. Ta ce, "To."

Ba ta sake tambayar ina Mamanta ba, ko sau ɗaya. Ni kuma ban sake ƙare ta haka ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Ta haka na sanar da yarinya 'yar shekara shida mutuwar uwarta, da zabuwa. Ban taɓa jin na yi daidai ba.

Kwana biyu na riƙe wannan a baki, alhali ruwa yana cika fadama.

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

Na sa Rosemary ta kai ni ofishinsu. Ta ce a kira Oga Zacharias a waya. Na ce maganar ba ta waya ba ce.

Hawa na uku ne, na'urar hawa ta lalace, na hau da ƙafa ina hutawa. Ɗaki ne mai sanyi, taswira ko'ina, yara masu gilashi kowa ya sunkuya. Da suka ji ko ni wace ce duk suka miƙe. Na ga teburin Mashkura. Kofinta yana nan, an wanke an kife.

Na faɗa masa duka, a tsaye. Ya saurara bai katse ni ba.

"Mama, na yarda da ke. Amma ƙa'idar nan ba don ado aka yi ta ba. An taɓa yaudarar mutane, suka bi muryar da ba ta nan. In zuciya tana so, kowace amsa sai ta yi kama da daidai."

"Kai ka koya mata aikin nan?"

"Ni ne."

"Me ka ce mata game da irin wannan tambayar?"

"Amsar ta zama wadda ba mai iya sani sai ita."

"To, ta hula duk yaran unguwarmu ta Durumi sun ji ta. Ta doya, ubanta da ƙannensa da rabin Abaji. Ta miji na faɗe ta a gidan biki da lasifika. Ɗaya ce tak ba wanda ya ji sai ni da ita. Yarinyar ta san kakarta ba ta da labari ɗaya. Ta zauna ta tace, ta zaɓi wadda ba za a ce an ji a wani wuri ba. Aikin da ka koya mata ta yi. Ni ce na rubuta shirme a ambulan."

Ya dubi taswira.

"Ko kuma tana faɗa mana wani abu ne, Mama."

"Ko kuma. Amma matacce ba ya faɗar komai."

Ya fita, na ji yana waya da Turanci, murya tana hawa tana sauka. Da ya dawo ya ce na sama da shi ba su so ba, amma ya ɗauka a wuyansa. Za a ci gaba da magana da mutanen yau. Ya ce in rubuta abin da na faɗa in sa hannu. Na rubuta shafi guda, ya ɗauke ni kusan awa. Ba wanda ya hanzarta ni.

A mota Rosemary ta riƙe hannuna har gida. Na ce, "Sakar mini, kada a ce na yi sabuwar 'ya a tsufa." Ba ta saka ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan magariba

Darakta ya shigo ɗakina. Rabon da ya zauna a ɗakina tun yana saurayi. Oga Zacharias ya nuna masa takardar da na rubuta.

"Ba ki taɓa faɗa mini ba, Iya."

"Kai ma ba ka taɓa tambayar wa ya faɗa mata ba."

Ya ce shi har yanzu gani yake sallama ce take yi mana. Na ce yarinyar da ta yi wata biyu tana gaishe ka kana amsawa da kai ba ta fasa ba, ita ce za ta yi sallama da kalma huɗu? Ya ce da ta bi maganarsa da yanzu tana wani ofishin jakadanci tana shan shayi. Na ce haka ne. Ya ce da bai yi mata wannan fushin ba. Na ce shi ma haka ne.

Na ba shi goro. Ba ya ci, amma ya karɓa.

Alhamis, 31 ga Yuli, da rana

Ana magana, in ji su.

Asabar, 2 ga Agusta, la'asar

An yi ruwa. Halimat ta aiko da dambu, ba ta tambayi Habasha ba.

Litinin, 4 ga Agusta, da safe

Mutanen sun tashi daga fadamar. Kwana biyu ba a ji su ba. Rosemary ta ce haka akan yi. Na lura ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

In kwana biyun da na yi shiru ne suka jawo...

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Sun kira. Ana magana.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

An ce gobe.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

An ce jibi.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Ta tsallako. Oga Zacharias ne ya kira, muryarsa kamar mai mura. Tana asibiti ana duba ta, da ƙafarta take tafiya. Darakta ya yi sujada a tsakar gida cikin ruwa. Ni ina riƙe da tsintsiya, na ƙarasa sharar.

Rosemary ta sake fito da takarda. Kada a tara mata jama'a. Kada a rufe ƙofa da ƙarfi. Kada a tambaye ta komai, in ta so za ta faɗa.

"Mama, ka ji? Ba tambaya."

Na ce na ji.

Alhamis, 14 ga Agusta, la'asar

Ta iso da hantsi. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar daga ofis ta dawo. Na ce, "Janar, an ci yaƙin?" Ta ce, "Iya." Shi ke nan abin da ta ce. Ubanta ya rasa inda zai sa hannunsa, ya yi ta gyara labule.

Ta ci tuwo loma huɗu. Ta zaɓi zama a ƙasa, bayanta a jikin bango, inda take ganin ƙofa.

Bayan azahar na ce ta zo in tsefe mata kai, mako shida ba wasa ba ne. Na ɗauko kibiya da man kaɗanya, ta zauna tsakanin ƙafafuna. Da ta zame ɗankwali sai na ga kan a kitse yake. Sabo, bai fi kwana biyar ba. Ba irin namu ba ne, ƙanana ne sun kwanta ta gefe sun haɗu a bayan kunne. An ja layin da kyau, ba gaggawa.

Na manta da takardar Rosemary.

"Wa ya yi miki?"

"Wata ce. Na tarar da ita a can."

"Ta fito?"

Na sa bakin kibiya a jelar na farko, sai ta kai hannu ta riƙe nawa.

"Bar shi tukuna, Iya."

Na ajiye kibiyar. Na lakato mai na bi tsakanin layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Goma sha huɗu ne. Ko wace ce, ta iya kitso.